Gidan Tarihi na Ariana

Gidan Tarihi na Ariana wurin adana kayan tangaran da na gilashi ne da ke birnin Jeneba a ƙasar Suwizalan, dab da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya. Yana ɗauke da kaya fiye da 25,000, daga na ƙarni na 9 zuwa ayyukan maginan tukwane na yau. A nan ne kuma hedikwatar Cibiyar Fasahar Yumɓu ta Duniya take.

Wanda ya gina shi

Gustave Revilliod, wanda aka haifa a 1817, ɗan wani gidan masu hali ne a Jeneba. Dukiyarsa ta tafi a kan tafiye-tafiye da sayen kayan tarihi: zane-zane, tsabar kuɗi, makamai, littattafai da kwanuka. Shi ya wakilci ƙasarsa a bikin buɗe mashigin ruwa na Suwez a 1869. Da kayan suka fi ƙarfin gidansa, sai ya fara wannan gini a 1877, aka kammala a 1884, ya raɗa masa sunan mahaifiyarsa, Ariane de la Rive. Zauren tsakiya mai siffar ƙwai ne, ginshiƙan marmara sun kewaye shi hawa biyu, ƙubba ta rufe sama.

Revilliod ya rasu a Alƙahira a Disambar 1890, ya bar wasiyyar ginin da kayan da kuma filin ga birnin Jeneba. A wannan fili aka aza harsashin fadar Ƙungiyar Ƙasashen Duniya a 1929, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada. Kabarinsa na nan a lambun, inda ɗawisu ke yawo a sake. A 1934 aka keɓe gidan ga kayan yumɓu. An rufe shi a 1981 don gyara, bai sake buɗewa ba sai 1993.

Abin da kwanukan ke faɗa

Ƙimar gidan tana cikin yadda mai ziyara zai bi sawun fasaha guda daga ƙasa zuwa ƙasa. Maginan Sin sun daɗe da sanin haɗa farar ƙasa ta kawolin da wani garin dutse, su gasa a wutar da ta kai kusan digiri 1,300. Kwanon da ya fito fari ne tas, siriri, in an ɗaga shi ga fitila haske na ratsa shi, in an ƙwanƙwasa ya yi amo. Da irin waɗannan kwanuka suka iso Iraƙi a zamanin Abbasiyawa, maginan can ba su da wannan ƙasa. Sai suka yi dabara: suka zuba kuza a cikin ruwan da ake shafa wa kwano kafin gashi, ya lulluɓe yumɓun da farin da ba a ganin abin da ke ƙasa. A kan wannan fari suka yi ado da shuɗi, suka kuma ƙirƙiro wani shafe na azurfa da tagulla mai walƙiya kamar zinariya.

Kwaikwayo ne ya haifi dabarar, amma ta zama gagarumar sana'a mai cin gashin kanta, kuma rashin adalci ne a kalle ta a matsayin jabun kayan Sin. Ta bi Masar, ta shiga Andalus, ta haye Italiya inda garin Faenza ya yi suna da ita, ta kai Delft a Holan. Ainihin sirrin tangaran kuwa Turawa ba su gano shi ba sai a farkon ƙarni na 18, ta hannun Johann Friedrich Böttger da Ehrenfried von Tschirnhaus a Jamus, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Suwizalan ma ta taɓa: masana'antar Nyon, a bakin tafkin Jeneba, ta yi tangaran daga 1781 zuwa 1813, kuma an san kofunanta da 'yan ƙananan furanni shuɗɗa da aka watsa a jikinsu. Kayan waɗannan wurare suna jere a gidan, tare da farantan da aka yi a Sin bisa odar Turawa, wasu ɗauke da tambarin gidajen da suka saye su.

Sashen gilashi bai kai na yumɓu girma ba. Akwai kofunan da aka hura da baki, da waɗanda aka sassaƙa wa ado, da ayyukan masu fasaha na zamani.

Ƙararrawar Shinagawa

A harabar gidan akwai wata babbar ƙararrawar tagulla ta Japan. Ta asalin mallakar wurin ibada na Honsen-ji ce a unguwar Shinagawa ta Tokyo. Ta ɓace daga Japan a ƙarni na 19, sai Revilliod ya tsince ta a 1873 a wata maƙera da ke garin Aarau na Suwizalan, ya saye ta ya kai lambunsa. Da mutanen Japan suka gane ta, birnin Jeneba ya mayar musu da ita a 1930. A farkon shekarun 1990 wurin ibadar ya aiko da wata irinta sak a matsayin tukwici, kuma wannan ce ke rataye a harabar yanzu.