Gadon sarauta ba gādo ba ne, wurin zama ne

Da yawa idan suka karanta cewa wane ya hau gadon sarauta, sai su ɗauka gadon da ɗa ke ci daga uba ake nufi. Ba shi ba ne. Wannan gadon na kwanciya ne, mai jam'in gadaje, wanda sarki ke kishingiɗa a kai, fadawa na zaune a ƙasa. Shi ake faɗa a gajarce. Na magada kuwa sai an ja "ga" ɗin, murya ta sauka a ƙarshe. Rubutun boko ne ya haɗe su, don ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Ai ka ga dukiyar mamaci ci ake yi ko rabawa, ba a hawanta.

Karaga ma haka take, shi ya sa ake cewa karagar mulki. Kujera kuwa, wadda asali 'yar guntuwar da mata ke zama kai a gindin murhu ce, ita 'yan siyasa suka samu: kujeru 109 a Majalisar Dattawan Najeriya, 360 a ta Wakilai. Maniyyaci ma kujerar Makka yake biya.