Sharhin siyasa na 'yan mazan jiya: daga ina ya fito, me kuma yake nema?

A majalisun Kaduna, daga teburin mai shayi a Tudun Wada har zaurukan Unguwar Sarki, da zarar mutum ya ce a bi gyara a hankali sai a ce masa ɗan mazan jiya, a ɗauka an gama da shi. Alhali ra'ayi ne mai tarihi, mai marubuta da jaridu, kuma wani babban yanki na tarihinsa a garin nan aka yi shi. Ga tambayoyin da matasa suka fi yi a kai.

Malam, wai me mai wannan ra'ayi yake cewa?

Cewa yake yi abin da al'umma ta daɗe a kansa, kamar iyali da addini da sarauta da dokokin zaman tare, ba banza ya daɗe ba. Mutane da yawa sun gwada shi, sun gyara shi, kafin ya iso gare mu. Don haka wanda ya zo da niyyar rushewa shi ne zai kawo hujja, ya kuma nuna abin da zai aza a gurbin. Mai sharhi na wannan ɓangare aikinsa ke nan: duk sanda gwamnati ko 'yan gwagwarmaya suka zo da sabon tsari, ya tambayi abin da za a rasa, da wanda asarar za ta faɗa wa.

A ina aka fara rubuta irin wannan sharhi?

Masana sukan fara lissafi daga juyin juya halin Faransa na 1789. A majalisar da aka kafa lokacin, magoya bayan sarki sukan zauna a dama da shugaban zama, masu son sauyi a hagu, rabon da har yau ake amfani da shi. A 1790 wani ɗan majalisar Birtaniya haifaffen Ayalan, Edmund Burke, ya wallafa dogon sharhi yana gargaɗin cewa rushe komai a lokaci guda zai ƙare da zubar da jini da mulkin soja. Ba a jima ba aka kashe sarkin a 1793, kuma a 1799 Napoleon ya karɓe mulki.

Abin da ake yawan mantawa shi ne Burke ba mai kare duk wani mai iko ba ne. Ya goyi bayan koke-koken mutanen Amurka a kan gwamnatin ƙasarsa, ya kuma shafe shekaru yana tuhumar Warren Hastings, gwamnan Ingila a Indiya, da zaluntar mutanen can. A ganinsa ƙasar da ba ta da hanyar gyara kanta ba za ta iya tsare kanta ba.

Ya aka yi ya zama babbar sana'a a Amurka?

Masu wannan ra'ayi a can sun daɗe suna kukan cewa manyan jaridu da jami'o'i sun karkata ga 'yan sassauci, sai suka gina nasu kafofin. William F. Buckley ya kafa mujallar National Review a 1955. A 1987 hukumar sadarwa ta soke ƙa'idar da ta wajabta wa gidajen rediyo da talabijin jin ta bakin kowane ɓangare, shekara guda bayan haka shirin Rush Limbaugh ya fara zagaye ƙasar, sannan Fox News ta buɗe a 1996. Daga nan murya ta ƙara ƙarfi, natsuwa ta ragu, domin fushi ya fi jawo masu sauraro.

To mu a Arewa, aro muka yi daga gare su?

A'a. Tamu muhawarar daga cikin gida ta taso, a kan tambaya guda: me za a yi da mulkin En'e, wato sarakuna da hakimai da alƙalai da 'yan doka, idan Turawa sun tafi?

Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949, tana ƙungiyar al'adu, kuma shugabanta na farko Dakta R.A.B. Dikko ne, likita Kirista daga Wusasa. Malam Aminu Kano yana cikinta da farko. A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, wadda ta ce akwai rikici tsakanin talakawa da masu sarauta, kuma sai an kawar da tsarin kafin talaka ya samu sawaba. A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa, NPC, da matsayin cewa a gyara tsarin daga ciki, kada a karya shi.

Gyaran kuwa ba faɗa ba ne kawai. A 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa a nan Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, maganar da ta ɓata wa sarakuna da dama rai. A 1953, da Anthony Enahoro, ɗan majalisa daga Kudu, ya kawo ƙudurin Najeriya ta samu mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a sauya shi zuwa lokacin da ya dace, saboda Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin boko da za su riƙe ofisoshinta. An yi wa wakilan Arewa ihu a Legas saboda wannan, amma Arewa ta karɓi mulkin kanta a 1959 bayan ta ɗan shirya. Haka aka bi da shari'a: gwamnati ta gayyato masana, ciki har da Alƙalin Alƙalan Sudan, aka fito da kundin hukunta laifuka wanda ya fara aiki a 1960. Sannu ba ta hana zuwa, wannan ita ce siyasarsu a taƙaice.

Wace rawa jaridu da rediyo suka taka?

Babba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma ita ta koya wa mai karatun Hausa cewa ana iya yi wa hukuma gyara a rubuce cikin ladabi. Gidan Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, muryarsa tana kaiwa ƙauyukan da jarida ba ta zuwa. Sai New Nigerian, wadda ta fito ranar 1 ga Janairu 1966, mako biyu kafin a kashe Sardauna a gidansa, inda Arewa House take yanzu. Adamu Ciroma da Mamman Daura sun riƙe editanta, kuma ra'ayinta da ake bugawa a shafin farko ya zama abin da masu mulki a Legas suke karantawa don su san inda manyan Arewa suka dosa.

Manufar waɗannan kafofi a fili take: Arewa ta yi magana da bakinta, kada jaridun Legas su riƙa fassara ta.

Ke nan ɗan mazan jiya na Kaduna da na Amurka abu ɗaya suke so?

Sun haɗu a kan addini da iyali da tarbiyya, sun rabu a kan tattalin arziki. Na Amurka yana son gwamnati ta tsame hannunta daga kasuwa, ta rage haraji. Gwamnatin Sardauna kuwa da hannunta ta shiga: masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957, Bankin Arewa, hukumar raya ƙasa da ta zama NNDC, Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga matashi ya kwaso muhawarar Amurka ɗungurungum, da batun bindiga da na harajinsu, ya sauke a Kawo. Wanda mahaifinsa ya rasa aiki da masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya yana da tasa tambayar game da sakar wa kasuwa mara, kuma Fox News ba za ta amsa masa ba.

Amma Malam, ba kare masu mulki ba ne kawai aka yi wa ado?

Sau da yawa haka ya zama, kuma duk mai wannan ra'ayi da ya musanta bai yi wa tarihi adalci ba. A zamanin NPC an yi amfani da kotunan alƙalai da 'yan doka wajen ɗaure 'yan NEPU. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri sau da yawa. Matan Kudu suna jefa ƙuri'a tun kafin 'yancin kai, matan Arewa sai a 1976 aka ba su dama. Haraji da jangali sun ci gaba da matsa wa talaka har sai da gwamnatocin PRP na Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano suka soke su a 1979. Majalisar jihar Kaduna da jam'iyyar NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, ta kuma tsige shi a Yuni 1981.

A waɗannan wurare 'yan sawaba, wato 'yan NEPU da PRP, su ne suke da gaskiya. Duk da haka ban yarda a jefar da ra'ayin gaba ɗaya ba. An karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran ikon. Zaluncin da aka rage gaskiya ne. Amma mai unguwar da ya san kowane baƙo da ya kwana a unguwarsa, har yau ba a samar da wanda ya maye gurbinsa ba, kuma mutanen Birnin Gwari da Giwa sun ɗanɗana abin da rashin ido a ƙasa yake jawowa.

Yau wane aiki ya rage wa irin wannan mai sharhi?

Aiki yana nan jingim, in zai yi shi. A 2017 gwamnatin Kaduna ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77. Mai sharhi na gaske zai bincika wa ke sasanta rikicin gona da na kiwo a wuraren da aka cire hakimi, ya kuma yarda a tambaye shi ko duk gundumomin nan an ƙirƙire su ne don bukatar jama'a. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur a jawabi guda, ba tare da shirin da zai tare wa talaka zafin ba. Wanda ya yarda da bin gyara a hankali ya kamata a ji muryarsa a ranar, ko da jam'iyyarsa ce take mulki. Haka nan a Kaduna, garin da rikicin addini na shekarar 2000 ya raba unguwanni, Musulmi suka taru a arewacin kogi, Kiristoci a kudancinsa, akwai bukatar mai tuna wa mutane cewa taken NPC Arewa ɗaya ce, al'umma ɗaya, ba tare da bambancin addini ko ƙabila ko muƙami ba, kuma Michael Audu Buba da Jolly Tanko Yusuf, Kiristoci, sun riƙe manyan muƙamai a tafiyar Sardauna.