Caca a Wasan Sili-ɗaya-ƙwale: Me Ya Sa Ƙungiya Ke Cin Wasa Amma Tikiti Ya Yanke?

Ƙungiyar da na zaɓa ta yi nasara, me ya sa ba a biya ni ba?

Nan ne akasarin masu caca ke faɗawa rami. Idan ka zaɓi "wa zai ci wasa", yawancin kamfanoni minti 90 kawai suke lissafawa, da 'yan mintunan da alƙalin wasa ke ƙarawa a ƙarshen kowane rabi. Ƙarin lokaci na minti 30 da bugun fenariti ba sa ciki.

Wasan ƙarshe na Kofin Duniya a filin Lusail na ƙasar Katar, ranar 18 ga Disamba 2022, ya isa misali. Ajantina na gaba da ci 2 da nema har kusan minti na 80, sai Mbappe na Faransa ya zura biyu cikin ƙiftawa da Bismillah. Aka cika minti 90 da 2-2, aka tashi ƙarin lokaci 3-3, Ajantina ta ɗauki kofi da 4-2 a fenariti. Wanda ya ɗora kuɗinsa kan nasarar Ajantina yana kallon Messi na ɗaga kofi, tikitinsa kuwa ya daɗe da mutuwa. Wanda ya zaɓi canjaras shi ya kwashe.

To wane zaɓi ne ke haɗa ƙarin lokaci da fenariti?

Wanda ke cewa "wa zai haye zagaye na gaba" ko "wa zai ɗauki kofi". Ba canjaras a cikinsa, don haka ribar babbar ƙungiya a nan ba ta taka kara ta karya ba.

Ƙwallon da aka ci a ƙarin lokaci fa?

A bisa ƙa'idar da aka saba, ba ta shiga lissafin yawan ƙwallaye ko na wanda zai ci. A wasan Brazil da Kuroshiya na kwata fainal a 2022, an cika minti 90 babu ci. Neymar na Brazil ya zura tasa a ƙarin lokaci, Petkovic na Kuroshiya ya rama. Mai tikitin "Neymar zai ci" bai samu ko sisi ba. Kowane kamfani na rubuta sharuɗɗansa, sai dai mutane ƙalilan ne ke karantawa.

Ba babbar ƙungiya ce ta fi tabbas ba?

A wannan mataki, tabbas ya yi ƙaranci. Ƙaramar ƙungiya ba ta buƙatar cin wasa, tana buƙatar kar a ci ta. Sai ta tare baya, ta ja wasan har fenariti. Haka Maroko ta yi wa Sifaniya a zagayen 'yan 16 na Kofin Duniya na 2022: ƙwallo na ƙafar Sifaniyawa kusan duk wasan, ragar Bono, mai tsaron gidan Maroko, ba ta motsa ba, a fenariti kuma uku suka buga ba ko ɗaya da ta shiga. A ganina, tarihin ƙungiya da sunayen taurarinta sun fi amfani a gasar lig mai wasanni da yawa fiye da wasa ɗaya tak.

Ta yaya kamfani ke cin riba ko wa ya yi nasara?

A cikin ninkin da yake bayarwa, wato adadin da ake ninka kuɗinka da shi idan ka ci. Ɗauki ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi ɗaya. Adalci shi ne ninki 2.00 kowane ɓangare, amma sai a ba ka 1.90. Idan mutum biyu suka zuba 100 kowannensu a ɓangarori daban-daban, kamfani ya karɓi 200, ya biya 190. Goman nan tasa ce kullum. Mai haɗa wasanni takwas a tikiti ɗaya kuwa, wannan gibin ne yake ninka wa kansa sau takwas, shi ya sa kamfanoni ke ta tallar irin wannan tikiti.

Masu sayar da "wasan da aka riga aka shirya" a intanet fa?

'Yan damfara ne. Suna raba wa mutane sakamako daban-daban, wanda nasa ya dace ya dawo ya sake biya. Wanda ya san sakamakon wasan Kofin Duniya da gaske ba zai tsaya roƙon kuɗin rajista a Telegram ba.