Shin allurar cikin ido ce ke kawo yana?

An daɗe ana cewa duk wanda ya jima yana karɓar allurar cikin ido, ƙarshenta yana ce za ta rufe masa gani. Maganar tana da dalili, domin da yawa daga masu karɓarta yanar kan same su daga baya. Sai dai yawancinsu dattawa ne ko masu ciwon suga, kuma tsufa da suga kowanne kan kawo yana ko ba allura.

Allurar da aka fi yi iri biyu ce. Irin su Avastin, Lucentis da Eylea, masu hana jijiyoyin bayan ido tsiyaya, ba a san su da kawo yana ba. Masu sinadarin sitiroid, kamar Ozurdex, su kam suna gaggauta ta, suna kuma iya ɗaga hawan jinin ido.

Likita yana soka allurar a farin ido, kimanin milimita 4 daga gefen baƙin, don ya kauce wa madubin cikin ido, wanda shi ne ke yin hazo idan yana ta kama ido. Idan tsininta ya taɓa madubin, yanar kan fito cikin kwanaki, shi ya sa ake cewa kada ka motsa lokacin allurar, amma da wuya hakan ke faruwa.

Ka tambayi sunan maganin da ake maka, a rubuta a katinka. A duba madubin kafin a fara, a riƙa kwatanta shi da na ɗayan idon. Kada tsoron yana ya sa ka tsallake ranar allura: yana ana cire ta da tiyata, lalacewar bayan ido kuwa sau da yawa ba ta gyaruwa.

Don Allah a tura wa 'yan uwa masu karɓar allurar.