Rage lokutan aiki a wuraren shaƙatawa na Disney World a 2020

Walt Disney World babban dandalin shaƙatawa ne da ke kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoba 1971. Filaye huɗu ne a cikinsa: Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom. A watan Satumba na 2020 kamfanin Disney ya rage awannin da filayen huɗun ke yi a buɗe kowace rana, sakamakon ƙarancin baƙi da annobar korona ta jawo.

An rufe dandalin ne tun tsakiyar watan Maris na shekarar, ya yi kusan wata huɗu a kulle. Magic Kingdom da Animal Kingdom suka dawo aiki ranar 11 ga Yuli, sauran biyun kuma ranar 15 ga watan. Sai dai dawowar ta zo da sharuɗɗa. Dole baƙo ya nemi gurbi ta intanet kafin ya zo, a auna zafin jikinsa a bakin ƙofa, ya kuma sa takunkumin fuska. An ƙayyade yawan masu shiga, an dakatar da jerin gwanon da ake yi a titunan filin da wasan wuta na dare. Ga shi kuma buɗewar ta zo daidai lokacin da cutar ke ƙara bazuwa a Florida, ga hanyoyin shigowa daga ƙasashen waje a toshe, don haka baƙin da suka zo ba su kai yadda kamfanin ya yi tsammani ba.

Sabon jadawalin ya fara aiki ranar 8 ga Satumba, washegarin hutun ranar ma'aikata ta Amurka, lokacin da yara suka koma makaranta, kasuwar bazara ta watse. Magic Kingdom ya koma daga ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma, maimakon 7. Hollywood Studios ya koma tashi ƙarfe 7 maimakon 8. EPCOT da Animal Kingdom ne suka fi jin jiki, domin kowannensu ya rasa awa biyu: EPCOT daga 11 na safe zuwa 7 na yamma, Animal Kingdom daga 9 zuwa 5. Idan aka tuna cewa kafin annobar Magic Kingdom kan kai tsakar dare a buɗe a lokutan cunkoso, har ma ya taɓa yin awa 24 cur ranar 29 ga Fabrairu 2012, za a gane girman ragin.

Dalilin da ya sa irin waɗannan kamfanoni ke fara taɓa lokaci kafin komai a bayyane yake. Tikitin shiga na yini ne, kuɗinsa ɗaya ko filin ya yi awa tara a buɗe ko goma sha huɗu. Amma kowace awa tana cin albashin masu kula da lilo, masu sayar da abinci, masu gadi da masu shara, ban da wutar lantarki. Yini mai tsawo sai da rukunin ma'aikata biyu, na safe da na yamma, gajere kuwa kusan rukuni ɗaya ya wadatar. Yamma ake yankewa saboda wasan wuta ne ke riƙe mutane har dare, su ci abinci su yi sayayya suna jira. Da aka dakatar da shi, babu abin da zai zaunar da iyali a filin bayan faɗuwar rana. Wannan ya fi shafar EPCOT, wanda cinikinsa ya dogara sosai ga gidajen abinci na dare.

Baƙi sun koka cewa kuɗin da suke biya bai ragu ba alhali yinin ya gajarta, ko da yake ƙarancin jama'a ya sa layi ya yi sauƙi. Ma'aikata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Ranar 29 ga Satumba kamfanin ya sanar da sallamar mutum 28,000 daga sashen wuraren shaƙatawarsa, kusan kashi biyu cikin uku waɗanda ba sa aikin cikakken lokaci ne.

Rage lokaci ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a. Disneyland, filin kamfanin Disney da ke jihar California, ya daɗe yana rufewa ranakun Litinin da Talata idan ba lokacin kasuwa ba ne, har zuwa tsakiyar shekarun 1980. Na Hong Kong da ya sake buɗewa a Satumba 2020, kwana biyar yake aiki a mako, ban da Talata da Alhamis. A 2021 kuma matsalar ta juya: ga baƙi, babu ma'aikata. Filin shaƙatawa na Cedar Point da ke jihar Ohio ya rufe wasu ranakun tsakiyar mako a watan Yuni, ya kuma ɗaga ladan aiki zuwa dala 20 a awa don ya samu masu yi.

A Disney World an riƙa ƙara awanni sannu a hankali, musamman a ƙarshen mako da lokutan hutu. Wasan wuta ya dawo ranar 1 ga Yuli 2021. Tsarin Extra Magic Hours, wanda a dā ke ba masu kwana a otal-otal ɗin kamfanin ƙarin lokaci da safe ko da dare, bai dawo yadda yake ba. Daga Oktoba 2021 an maye gurbinsa da damar shiga minti 30 kafin sauran jama'a, ƙarin lokacin dare kuma aka keɓe shi ga baƙin otal-otal masu tsada.