Kunne Ba Ya Tambayar Wane Ne Mawaƙin

A Kano kowa na da ƙarar da yake kira hayaniya: janaretan maƙwabci, injin markaɗen bakin layi, hon ɗin 'yan adaidaita a Ƙofar Wambai, mai tallan maganin basir da ya ɗaura lasifika a kan mota. Amma kiɗan da DJ ya sake a wajen biki har ƙirji na amsawa, wannan sunansa nishaɗi. In kuwa karatu ne aka ƙure wa murya, wa zai iya buɗe baki ya ce a rage? To, abin da mu ma'aikatan lafiya muke so jama'a su gane shi ne, kunne bai san wannan rabe-raben ba. Abu biyu kawai yake lissafi da su, ƙarfin sauti da daɗewar da aka yi ana jin sa.

Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan gurbi mai siffar dodon koɗi. A cikinsa ne wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi suke mai da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai ƙarfi tana kassara su, kuma wadda ta mutu ta tafi ke nan, babu magani ko tiyatar da ke dawo da ita. Muguntar abin ita ce babu ciwo, babu jini. Mutum zai dawo daga dina kunnensa na ƙugi, ya kwanta, da safe ya ji ya washe, ya ce ai ba komai. Gargaɗi ne aka yi masa.

Da desibal ake auna ƙarfin sauti. Hira tsakanin mutum biyu kusan 60 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure 80 na awa 40 a mako. In ta kai 90, awa 4 ne kacal, a 100 kuwa ko rabin awa bai kai ba, a mako guda fa, ba a rana ba. Hukumar ta kuma ce matasa fiye da biliyan 1 a duniya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. A ganina waƙar da kake so ta fi janareta haɗari, domin janareta gudunsa kake yi, ita kuwa ƙaro ta kake yi. Dubi saurayin da ya sayo iyafis a kasuwar waya ta Farm Centre, ya shiga adaidaita mai sifika a bayan kujera, sai ya ƙure tasa waƙar don ta danne ta direba.

Ba sai kana da na'ura ba. In sai ka ɗaga murya kafin wanda hannunka zai iya taɓawa ya ji ka, ƙarar wurin ta wuce kima. Kada murya a waya ta haura kashi 60 cikin 100. Masu aikin injin niƙa, walda da masaƙu a Sharaɗa da Bompai su nemi abin toshe kunne na soso, auduga ba ta tare wani abin kirki.

Iyayenmu mata, don Allah a daina tsayawa gaban sifika da goyo a baya. Jariri ba zai ce ya yi masa yawa ba, kuma barcin da ya yi a wurin ba shaida ce ta lafiya ba.

Wanda ƙugin kunnensa ya ƙi tafiya, ko ya ga "na'am? me ka ce?" ta yi masa yawa, ko 'yan gida na kuka da yadda yake ƙure rediyo, ya je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a gwada jinsa. Kada a ɗiga mai ko wani tsimi a ciki kafin likita ya duba.