Riƙon jikoki ta hanyar shari'a

Riƙon jikoki ta hanyar shari'a shi ne kaka, namiji ko mace, ya nemi kotu ta danƙa masa renon jikansa ko walittakarsa, wato ikon yanke shawara a kansa. Yawanci kafin a je gaban alƙali yaron ya riga ya daɗe a ɗakin kakar, saboda rasuwar iyaye, ɗauri, shaye-shaye, taɓin hankali, ko riƙon sakainar kashi da ake yi masa a gida. Abin da kan kai ta kotu shi ne takarda. Kakar da ta goyi yaro, ta yaye shi, tana iya isa asibiti a ce sai uwa ko uba ne za su sa hannu kafin a yi masa tiyata. Haka a wajen sauya makaranta da neman fasfo.

Reno da walittaka

Reno ya shafi inda yaro ke kwana da wanda ke kula da ci da shansa da tarbiyyarsa. Walittaka kuwa iko ce ta yanke manyan shawarwari a kansa da kan dukiyarsa. Fiƙihun Musulunci ya raba su tun da daɗewa. A mazhabar Malikiyya, idan haƙƙin reno ya faɗi daga hannun uwa, kakar wajen uwa ce ke biye, kuma renon namiji yana kaiwa balaga, na mace har ta tare a gidan miji. Hanafiyya da Shafi'iyya suna ba kakan wajen uba walittaka a kan dukiyar maraya, Malikiyya ba ta ba shi, sai dai wasiyyin da uba ya naɗa ko alƙali. Ciyarwa tana nan a wuyan uba ko da yaron yana hannun kakarsa.

Matsayin kaka a dokokin zamani

A yawancin waɗannan dokoki, kasancewa kaka kaɗai ba ya ba mutum haƙƙi a kan jika. Kotu tana farawa da ɗaukar cewa iyaye ne suka fi cancanta, sai mai ƙara ya kawo hujjar da ta rushe hakan. Mizanin shi ne maslahar yaro, kamar yadda sashe na 3 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya tanada.

Shari'ar Troxel da Granville, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2000, ta nuna ƙarfin wannan fifiko, duk da cewa ziyara kawai aka nema, ba riƙo ba. Uban 'yan mata biyu ya rasu a 1993. Iyayensa, wato iyalan Troxel, suka buƙaci jikokin su riƙa kwana wajensu ƙarshen mako biyu a wata, da mako biyu a hutun bazara. Uwar, wato Granville, ta ce yini guda a wata. Kotun ta ce an yi amfani da dokar ziyara ta jihar Washington, inda aka fara shari'ar, ta yadda aka tauye haƙƙin uwar, domin babu wanda ya ce ta gaza, kuma dole a ba ra'ayinta nauyi. Amma idan hukuma ce ta ɗauke yaro daga hannun iyayensa, wata dokar tarayya ta 2008 ta wajabta a sanar da kakanni cikin kwana 30.

A Ingila, ƙarƙashin Dokar Yara ta 1989, kaka kan nemi izinin kotu tukuna kafin ya shigar da ƙarar, sai fa idan jikan ya shekara a hannunsa. Tun 2005 akwai kuma walittaka ta musamman, wadda ke ba kaka ikon yanke hukunci sama da iyaye har yaro ya cika shekara 18, ba tare da an yanke nasabarsa da su ba. Wannan ya fi dacewa da kakanni a kan mayar da jika ɗa a takarda, wanda ke sa uwar yaro ta koma yayarsa a idon doka idan iyayenta ne suka ɗauke shi. Faransa ta ɗauko zancen daga ɓangaren yaron: sashe na 371-4 na dokar farar hula ya ce shi ke da haƙƙin hulɗa da kakanninsa.

Abin da alƙali ke dubawa

Yana duba shaƙuwar yaro da kakar, tsawon zamansu tare, muhalli, da ra'ayin yaron idan ya yi wayo. Tsufa ba ya hana riƙo, amma ana tambayar lafiya, da wanda zai karɓa idan ƙarfi ya ƙare. Tambaya mafi nauyi ita ce ko kakar za ta iya hana ɗanta na cikinta shiga gida idan shi ne ke cutar da yaron. A nan kakanni kan ji zafin shari'ar, don samun jikan na bukatar su tsaya gaban alƙali su faɗi aibin ɗan da suka haifa. Shi ya sa kotuna da dama ke tura ɓangarorin sulhu da farko, kuma idan iyaye suka amince, alƙali kan tabbatar da yarjejeniyar ba tare da an kira shaidu ba.